Ƙusa Sha Ɗaya, Hoto Huɗu

Harlan Pettway ya kashe mota a ƙofar gidan da aka kafa wa allon sayarwa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya bar su a nan. Ba wanda ya sa shi. Shekararsa hamsin da huɗu, talatin daga ciki a ƙarƙashin motocin bas na Detroit ya yi su yana kwance noti yana ɗaurawa, kuma tun ranar da ya fara tuƙi haka yake zama duk sanda ya tsaya a unguwar da ba a san shi ba.

"Sauke hannun nan, tsoho," in ji matarsa Vernell. "Wa ya tare ka?"

"Ba a tare ni ba tukuna."

Vernell ce ta jawo tafiyar. Nas ce, ta samu aiki a wani asibiti a ƙaramin garin nan na gefen Charlotte, farkon wata za ta fara. Gidansu na Detroit ya riga ya shiga kasuwa. Dillalin nan kuma, wani Bature mai suna Brent, ya ce akwai wasu masu son wannan gidan, kafin yamma yake jiran amsa. Ita ta gama yanke shawara tun a hanya. Ta karanta a waya cewa yankin yana cikin wuraren da baƙar fata suka fi jin daɗin zama, ga aiki, ga coci-coci, ba ƙanƙarar da ke cin gwiwar mutum. Harlan ya ce mata wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama cikin mota a bakin titin da ba nasa ba.

Shi sharaɗinsa bai da yawa. Ya ga baƙar fuska ko ɗaya ce a layin, ya san inda zai yi aski ba a ɓata masa kai ba, ya kuma san yadda ɗan sandan garin yake in ya tsayar da mutum irinsa. In bai samu wannan ba, ta zo ta yi aikinta, shi yana Detroit. Ubansa daga jihar nan ta Carolina ya gudu yana saurayi, da riga ɗaya a jikinsa, kuma har ya mutu bai faɗi abin da ya kore shi ba. Abin da kawai ya ce wa Harlan shi ne kada ya koma.

Tun da suka shigo layin bai ga kowa ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe, ciyawa a gyare, ƙofofi a rufe. A gidan da ke kallonsu labule ya motsa, ya koma. Can ya sake motsawa.

"Ana kallonmu," ya ce.

"To a kalla mana. Na yi kitso."

Wayarta ta yi ƙara. Brent ne, ta sa shi a lasifika. Ya ce an riƙe shi a wani gidan, sai nan da minti arba'in, amma kada su ɓata lokaci. Akwai ƙaramin akwati a jikin mariƙin ƙofa, makulli yana ciki, ga lambobin da za su danna. Su shiga su duba abinsu kamar gidansu.

Harlan ya jira ta kashe wayar.

"Ba inda za ni."

"Shi fa ya ce mu shiga."

"Shi ya ce. Mai leƙen labulen nan ya ji lokacin da ya ce? Abin da zai gani ƙaton baƙi ne yana taɓa ƙofar maƙwabcinsa."

"Awa goma muka yi a hanya, Harlan. Ban zo kallon bango daga waje ba."

Ta buɗe mota ta fita. Ya san ta, shekara ashirin da bakwai suna tare. Ya ciro lasisin tuƙinsa daga aljihun baya ya mayar aljihun gaban riga, don kada a nema ya kai hannu baya. Ya cire hularsa ya bar ta a kujera. Sannan ya bi ta, a hankali, hannuwa a sake inda kowa zai gani. Da ƙofar ta buɗe sai ya tura ta har bango, ya ce a bar ta haka.

Gidan yana da kyau, wannan ba musu. Falo mai faɗi, ƙasan katako, tagogi manya. Vernell ta wuce kicin tana buɗe durowoyi. Shi a falo ya tsaya, gaban hotuna. Wata Baturiya da mijinta a bakin ruwa. Yara biyu masu jan gashi da kare. Wani tsoho fari da kayan soja. Amarya fara sol.

"Zo ki ga amsarki," ya ce. "Ga ta nan a bango."

"Su ai tashi za su yi. Bangon za mu saya, ba mutanen ba."

"Maƙwabtansu fa? Su ma tashi za su yi?"

Idonsa na makaniki ya saba ƙirga abin da aka ɗaura da abin da aka bari, sai ya ga yana ƙirga ƙusoshi. Sha ɗaya a bangon, hoto huɗu. Sauran bakwai suna nan tsirara, a ƙarƙashin kowace fenti ya fi haske. Ya gani, bai tsaya tunanin abin ba, don a lokacin ne ya hango motar ta taga.

Motar 'yan sanda ce, ba jiniya. Ta tsaya a kwanar layin, gaban wani gida mai tuta. Wani farin mutum mai tumbi ya fito da gajeren wando, ya sunkuya a tagar motar, ya ɗago ya miƙa hannu. Motar Harlan yake nunawa, mai lambar jiharsu Michigan.

Ya ja baya daga tagar.

"Vernell. Fito nan. Kada ki yi gudu."

Ta fito, ta kalli fuskarsa, ta kalli taga. Wasan ya bar muryarta.

"Bari in kira Brent."

"Ajiye wayar a ƙasa. Baƙa ce, daga nesa sai a ɗauka bindiga ce. Ajiye jakar ma. Zo ki tsaya nan tsakiya inda za a gan mu daga ƙofa."

Ta yi yadda ya ce. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar falon mutane, hotunan suna kallonsu. Yana jin numfashinta. Yana ta maimaita abin da zai faɗa a ransa: dillali ne ya ba mu lamba, sunansa Brent, lasisina yana aljihun gaba. Ya san ba a cika barin mutum ya kai ƙarshen magana ba.

Sai ƙofar baya ta yi ƙara, ta wajen kicin. Bai yi zaton ta nan za su zo ba. Wani abu yana bugun katako, ƙwas, ƙwas, yana matsowa. Harlan ya ɗaga hannuwansa sama. Vernell ma ta ɗaga, tana kiran sunan Yesu ƙasa-ƙasa.

Wata tsohuwa ce ta shigo, baƙa, gajera, da sanda da silifas na zaman gida. Ta tsaya tana haki, ta dube su sama da ƙasa.

"Sauke hannunka, ɗana, ba coci muke ba."

Bai sauke ba.

"Mama, akwai 'yan sanda a waje. Ba gidanmu ba ne. Ki koma ta inda kika shigo."

"Na san ba gidanku ba ne. Nawa ne."

Harlan ya kalli hotunan, ya kalle ta.

"Waɗancan na Joyce ne, maƙwabciyata," ta ce, ta nuna gidan labule da sanda. "Aro na yi. Ni ce Odessa Tolliver, shekara ashirin da biyu ina nan. Mai yi wa gida kuɗi ya zo na farko ya ga jikokina a bango, ya faɗi abin da ko gareji ba zai saya ba. Sai na kwashe nawa na rataya na Joyce, na kira wani. Brent kuma ya ce in masu dubawa za su zo in ɓace. To ni ce a bayan labulen nan tun ɗazu. Ina ganin Dale ya fito yana nuna motarku na ce yau kam dokar Brent ta karye. Ta baya na zagayo, gwiwar nan ba ta hawa matakalar gaba."

Vernell ta saki wata dariya wadda ba ta daɗi ba, ta zauna a hannun kujera. Harlan ya sauke hannu a hankali. Kunya ce ta kama shi a kan tsoron. Sati biyu da suka wuce shi da kansa ya hau kujera a falonsu na Detroit ya sauke hoton ubansa, da na aurensu, da na 'yarsu ranar gama makaranta, Vernell ta rataya na wata abokiyar aikinta. Kwalin hotunan yana cikin but ɗin motarsa yanzu haka, don ya ƙi yarda a bar shi a ɗakin ajiya. Ya ƙirga ƙusoshin nan da idonsa, amma bai gane aikin hannunsa ba.

Inuwa ta cika ƙofar gaba. Ɗan sanda ne, fari, matashi, hannunsa na dama a kan ɗamararsa. Idonsa a kan Harlan ya fara sauka, ya tsaya a nan.

"Kowa ya tsaya inda yake."

Odessa ta shiga tsakaninsu da sandarta.

"Cody, cire hannunka daga nan kafin in gaya wa uwarka."

"Mama Odessa. Ban san kina ciki ba. Kira aka yi, wai an fasa gida."

"Na san mai kiran. Baƙina ne, gida suke dubawa. Ka ga ɓarawon da ya bar ƙofa a wangale, ya zo da matarsa da kitso? Shekara shida ina zuba maka abinci a makaranta, da alama bai kai kanka ba."

Fuskar ɗan sandan ta yi ja. Ya sauke hannu, amma duk da haka ya nemi lasisi. Harlan ya ce yana aljihun gaba, ya jira aka ce ya ciro, ya ciro da yatsa biyu. Cody ya duba, ya mayar masa, ya ce su yi haƙuri, aiki ne. Ya fita. Sun ji motar ta tashi.

Harlan ya juya wajen tsohuwar.

"Da ba kya nan fa, Mama?"

Ta dogara da sandarta.

"Shi ya sa na fito."

"Kuma tashi za ki yi."

"Wajen 'yata za ni, ƙafa ta ƙare. Ba kora ta aka yi ba, in shi kake tambaya." Ta zauna da ƙyar. "Ba zan yi maka ƙarya don in sayar da gida ba. Gida sha huɗu ne a layin nan, biyar namu ne baƙar fata, duk suna wajen aiki yanzu. Joyce mutuniyar kirki ce, ita ke yi mini wanka lokacin da na karye. Dale zai kira maka 'yan sanda sau biyu, wataƙila uku, sannan ya gaji. Mijina sau huɗu ya kira masa. Cody ba mugu ba ne, tsoro gare shi, kuma mai tsoro da bindiga ka san shi. Akwai biyu a cikinsu da ban yarda da su ba, zan ba ka sunayensu."

"Mai aski fa?" in ji Vernell. "Ya ce in ba mai aski ba zai zo ba."

"Roscoe, bayan gidan mai. Hannunsa yana da kyau, bakinsa ne ba ya rufuwa. Wannan kan naka ma me ya rage a kai?"

Harlan bai yi dariya ba.

"Ga yadda muke yi a nan," ta ci gaba. "Duk wanda zai tare cikinmu, ranar Lahadi a tsayar da shi a coci kowa ya gan shi. Litinin da rana tsaka fasto da dattawa biyu su raka shi ofishin 'yan sanda, ya gaishe su, su ga fuskarsa da motarsa, su ji sunan layinsa. Ba ya hana komai gaba ɗaya. Amma mutum ya fi wuyar harbi in an taɓa gaisawa da shi."

Vernell ta ɗauki wayarta daga ƙasa. Ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take. Ya san in ya ce a'a, ita kaɗai za ta zo, ta kama ɗaki a wani layin da ba Odessa, ba Joyce, ba wanda zai zagayo ta baya. Ya duba zuciyarsa ko tsoron ya ragu, ya tarar yana nan yadda yake.

"Naki hotunan suna ina, Mama?" ya ce.

"Garejin Joyce, cikin kwali."

"Akwai wurin kwali ɗaya? Zuwa farkon wata, kafin mu tare."

Tsohuwar ta kalle shi, ta kalli Vernell.

"Akwai."

Ya fita. Rana ta take, layin shiru. Dale yana nan tsaye a kan ciyawarsa, waya a hannu. Harlan ya zagaya bayan motar, ya tsaya ta yadda mutumin zai ga duk abin da yake yi, ya buɗe but a hankali. Hoton ubansa ne a sama, ya fi bakin kwalin tsawo, tsohon yana sanye da kwat ɗinsa ɗaya ta zuwa coci. Harlan ya rungumi kwalin, fuskar hoton tana kallon titi. Ya duba hagu, ya duba dama, ko da yake ba mota ko ɗaya, ya fara tsallakawa zuwa gidan Joyce. Bai kalli kwana ba, amma ta gefen ido ya ga Dale ya kai wayar kunne.