Ajin Dakta Habiba

Haulatu ta zo Doha a shekarar 2005, bayan mijinta Dikko ya samu aikin injiniya a wani kamfanin gas. Shi yakan fita da asuba ya dawo bayan magariba. Ita kuwa tana can saman bene a unguwar Al Sadd, daga ita sai 'yarsu Ruƙayya da gurnanin iyakwandishan. Digirinta na biyu a tarihin Turai yana ƙasan akwati tare da zannuwan da ba ta ɗinka ba.

A wajen wani suna ta haɗu da Dakta Habiba, malamarta ta Zariya. Ita ce ta duba mata kundin digiri, kuma ita ta taɓa ce mata a gaban ɗalibai, "Ke kanki yana ja, kada ki yarda ki ƙare a gindin murhu." Yanzu tana koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta ta 'yan mata. Suka rungumi juna kamar uwa da 'ya. Tun daga ranar Haulatu ba ta mako ba ta hau tasi zuwa unguwar Al Muntazah, inda malamar take zaune ita kaɗai, ta kai mata waina ko dambun shinkafa.

Da gwiwar Dakta Habiba ta matsa mata har likita ya ce sai an yi aiki, ta kira Haulatu.

"'Yata, ki riƙe mini ajina na zango ɗaya. Na yi wa shugaban sashe magana, ya amince. Ba albashi, amma baɗi za a buɗe gurbin malami ɗaya. Ina cikin kwamitin ɗaukar malamai. Wannan kujera taki ce, sai dai in ba na numfashi."

Dikko ne kafil ɗinta, watau a ƙarƙashin sunansa take zaune a ƙasar, don haka sai da ya je kwalejin da kansa ya ba da izini. Ya yi dariya ya ce, "Yau dai Malama ta tashi daga barci."

Darasin a kan matan Turai ne, daga wajen shekarar 1500 zuwa 1700. Haulatu ta zuba masa duk ƙarfinta. Ta ba 'yan matan labarin zawarawan da suka riƙe shagunan buga littattafai bayan rasuwar mazajensu, da masaƙa mata waɗanda ƙungiyoyin masu sana'a suka riƙa ture su gefe a hankali, da ungozomomin da hukumomin gari suka sa a ƙarƙashin likitoci maza. Wata rana ta kawo musu labarin kakarta a Gusau, wadda ta ciyar da gida da kaɗi har zaren kamfani ya cika kasuwa. Nan take aji ya rikice. Wata 'yar Sudan ta ce haka aka yi wa tata kakar. Wata 'yar asalin ƙasar, wadda a da ba ta buɗe baki, ta ce matansu ne suke riƙe gari idan maza sun tafi neman lu'ulu'u a teku, amma ba a faɗa a littafi. Har lokaci ya ƙare ba wadda ta tashi.

Bayan aji Haulatu takan wuce Al Muntazah. Ta dafa wa malamarta abinci, ta shafa mata magani, ta riƙe ta suna zagaya falo don ƙafar ta saba. Dakta Habiba takan ce, "Ko 'yar da na haifa iyakar abin da za ta yi ke nan."

Zango ya ƙare, aka yi hira da masu neman aiki, Haulatu ta amsa tambayoyi ta dawo gida da farin ciki. Sai shiru ya biyo baya. In ta tambaya, malamar ta ce, "Kin san mutanen nan da jan ƙafa."

Wata Juma'a da yamma ta je da kular tuwo. Ta tarar da wani saurayi siriri a falo, akwatinsa a jingine da bango, takardar jirgi na manne a hannun akwatin. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Wannan Garzali ne, ɗan yayana marigayi," in ji Dakta Habiba, ba tare da ta dubi Haulatu ba. "Jiya ya sauka. Shi zai karɓi ajin nan."

Haulatu ta ajiye kular a hankali. "Wane aji, Malama?"

"Namu mana. Kimiyyar siyasa ya karanta, bai san Turai ta wancan zamani ba. Shi ya sa nake so ki zauna da shi ki nuna masa yadda kika yi."

Garzali ya dubi wannan ya dubi waccan, ya miƙe ya ce zai je masallaci. Da ƙofa ta rufu, Haulatu ta juya ga malamarta.

"Malama, ba ke kika ce kujerar tawa ce ba?"

"Na faɗa. Amma yaron nan tun da ya gama bautar ƙasa yake zaune, ga uwarsa, ga ƙannensa. Ke kina da miji, ba ki rasa ci ba, ba ki rasa sha ba."

"Me kika gaya wa kwamitin?"

Dakta Habiba ta gyara zaman ƙafarta. "Gaskiya na gaya musu. Matar aure ce, gobe ciki, jibi a ɗauke mijinta zuwa wata ƙasa. Su kansu abin da suke tsoro ke nan."

"Da bakinki kika faɗa?"

"Haulatu, khalas, magana ta ƙare. Wata dama za ta zo. Jini ya fi ruwa kauri, in kin kai shekaruna za ki gane."

Haulatu ta tsaya tana kallon matar da ta yi wata da watanni tana wanke wa ƙafa. Ta so ta yi kuka, hawayen suka ƙi zuwa. Ta yafa mayafinta ta fita, ko kular ba ta ɗauka ba. Ta yi tafiya mai nisa a ƙafa cikin zafi, tsakanin ramukan da ake haƙa don gyaran hanyoyi, kafin ta tuna akwai tasi a duniya.

Da Dikko ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce zai je ya samu shugaban sashe.

"Abban Ruƙayya, bar shi," ta ce. "Ba shugaban sashe ne ya yi mini alkawari ba."

Bayan 'yan kwanaki Garzali ya zo gidan tare da wani direba ɗan Kano da ya nuna masa hanya. Ya zauna a bakin kujera yana murza hula. Ya rantse bai san da maganarta ba, an dai ce masa akwai gurbi. Haulatu ta yarda da shi, don fuskarsa ba ta mai wayo ba ce. Ta kawo masa ruwa, ta faɗa masa sunayen littattafan da zai nema. Da ya roƙi darussan da ta tsara, ta ce, "Wannan kam a'a. Ka yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai ya ce ya fahimta.

Dakta Habiba ta yi ta kira, Haulatu ba ta ɗauka ba. Daga baya ta aiko wata mata da turare da atamfa, Haulatu ta yi godiya ta mayar. Matan Najeriya da ke garin suka rabu biyu, wasu na cewa ta cika riƙo, ai malami uba ne, wasu na cewa ko su ne ba za su sake taka gidan ba.

Shekara ta gaba ta samu aiki a wata makarantar firamare, tana koya wa yara Turanci. Tana son yaran, amma ta daina buɗe littattafan tarihinta. Ranar babbar Sallah suka yi kiciɓis da Dakta Habiba a filin idi, tana tafe tana dogara sanda, Garzali yana riƙe mata darduma.

"'Yata," in ji tsohuwar, idonta ya ciko.

"Barka da Sallah, Dakta," Haulatu ta amsa. Ta ja hannun Ruƙayya suka nufi inda Dikko ya ajiye mota.