Asabar ɗin da 'Yan Tsawa Suka Dawo Aba

"Talatin da ɗaya," na ce, ina riƙe da tef a ƙugunsa.

"Tef ɗinki ne ya miƙe, Ulumma. Kayan Aba ne."

"Kai ma kayan Aba ne, Dee. Tsaya daidai."

Na sake zagayawa, talatin da ɗaya ɗin dai. Wata biyu da suka wuce, ranar da Dee Akobundu (Dee muke ce wa dattijo a nan, don girmamawa) ya fito da wandon nan daga ƙasan akwati, ƙugunsa talatin da bakwai ne, har sai da na farke ɗinkin baya na ƙara masa ƙyalle. Ja ne, mai buɗaɗɗiyar ƙafa irin ta 'yan gayun shekarun saba'in, kowace ƙafa za ta yi wa yarinya siket. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, in gyara tun da wuri. Bayan mako uku na cire ƙyallen da na ƙara. Yanzu kuma ga shi zan rage a karo na biyu.

Ni tela ce, ba likita ba. Amma shekara talatin ina auna mutane, na san ramar azumi, na san ramar talauci, na kuma san wadda ba ta komawa.

"Ruwa ba ya tsami banza," na ce. "Me ke cin ka?"

Ya zauna a kan bencin ƙofar shagona yana mayar da numfashi. Ɗakinsa na manne da shagon, tagarsa na kallon titi daidai saman bencin, mun yi shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakaninmu. Dā gyaran rediyo yake yi, har idonsa ya daina ganin ƙananan wayoyi.

"Saura kwana goma sha biyu," ya ce. "In Nwanyieze ta ji, gobe za ta zo da mota ta kai ni Fatakwal, ta kwantar da ni a gadon asibitinsu, ta zauna a kaina kamar kaza a kan ƙwai. Shekara arba'in da biyu nake jiran mutanen nan. Ki bar ni in gan su, ranar Lahadi ni da kaina zan kira ta."

Nwanyieze 'yarsa ce, nas ce, kuma duk ranar Juma'a tana kira na ta tambayi jikin babanta, don ta san shi ba zai faɗi gaskiya ba. Juma'ar nan da ta kira na ce mata yana nan lafiya, yana ta surutun 'yan Tsawa. Na ajiye wayar ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa.

Sunan ƙungiyar Egbe-Igwe, wato Tsawa, kuma kowa 'yan Tsawa yake ce musu. Samari biyar ne suka haɗa ta bayan yaƙin basasa, suna kiɗan rok da jita da ganguna a otal-otal na garin nan, suka yi faifai uku, suka watse a kan wata rigima da har yau ba wanda ya san kanta. Yanzu mutum huɗu da suka rage, duk da furfura, sun shirya za su yi wasa ɗaya a babban ɗakin taro na gari. Ƙarfe biyu na rana aka sa, saboda masu kiɗan da masu kallon duk ba mai gani sosai in duhu ya yi.

Ni kiɗan bai taɓa burge ni ba. A kunnena kamar ana yanka langa-langa ne. Amma tun da aka manna fastar wasan bencina ya zama majalisa, kullum da la'asar sai abokansa biyu sun zo: Hedimasta Ikoku, wanda ya yi ritaya amma bai daina gyara wa mutane magana ba, da Dee Ogbonnaya, tsohon direban tirela, mai dariya kamar an tayar da injin. Su sayi bammi kwalba biyu, su tare mini hanyar masu kawo ɗinki.

Ranar Talata, saura kwana huɗu, musun ya koma kan abin da suka saba.

"Duk yaran nan masu waƙa a waya, 'yan Tsawa suke sata," in ji Ogbonnaya. "Jiya a keke napep na ji wata, wallahi bugun Kalu mai gangarsu ne, an dai ƙara masa gudu."

"Har a coci," in ji Dee Akobundu. "Mai jitar cocinmu yana yin hawan jitar nan na Benjinsu lokacin karɓar baiko, fasto yana rawa bai san daga otal aka ɗauko ba."

"Shi Benjin daga ina ya ɗauko?" Hedimasta ya gyara tabarau. "A faifan Turawa. Ya zauna ya haddace kamar ɗan aji uku. Ku dai ba ku son a faɗa."

"Ikoku, kai a makarantar mishan aka toshe maka kunne. Hawan nan ƙararrawar ƙarfe ce ta matan ƙauyensu, wadda suke bugawa in za su fita taro. Ni na gyara masa lasifika a saba'in da huɗu, a gabana yake gwadawa."

"Ka gyara lasifika, ba ka gyara tarihi ba."

"Kai da ka zo wasa da laima da littafi a hammata? Duk ɗakin na rawa kana tsaye kamar sandar lantarki. Matata, Allah ya jiƙanta, ta ɗauka ɗan sanda ne."

Ogbonnaya ya ƙyaƙyace har bammi ya zubo masa a riga. Daga nan suka ɗan yi sanyi, suka koma zancen shekarar da aka gama yaƙi, yadda mutane suka fito daga daji ba takalmi, ba wanda ke da ƙarfin dariya, sai ga yaran nan da jitar aro suna kiɗa kamar za su fasa rufi. Dee Akobundu ya ce ranar ce ya fara yarda bai mutu ba.

Hedimasta ba ya iya barin magana ta kwanta. "Duk da haka, kwafa ya yi."

Ina kan keke ina ɗinki, amma idona na kan Dee. Na ga ya dafe gefen cikinsa a ƙarƙashin riga, gumi ya tsatso masa a goshi. Sai ya miƙe da sauri, ya ɗaure fuska.

"In da kai za a zauna a ɗakin nan, na fasa zuwa. Ka je ka ji Turawanka."

Ya shige ya rufe ƙofa. Abokan suka kalli juna suka yi tsaki, don sun san halinsa, ya taɓa yin wata guda bai yi wa Hedimasta magana ba a kan wannan hawan jitar. Suka ce a bar shi ya huce, sai ranar Asabar. Ni kaɗai na san ba fushi ne ya tashe shi ba. Ta bango ina jin nishinsa har na rufe shago.

Alhamis da hantsi na kai masa kunu da ƙosai na same shi a ƙasa, tsakanin gado da teburin faifansa. Sauran 'yan haya duk samari ne 'yan kasuwar Ariaria, tun asuba sun fita. Na kira Nwanyieze, na tare keke, ni da mai keken muka ɗauke shi. Bai kai nauyin buhun garin rogo ba.

A asibiti ya farfaɗo sau ɗaya, ya ce in goge wandon amma kada in yi masa kari a gaba, ba a yi wa irinsa kari. Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, ya cika. Likita ya ce wa Nwanyieze abin ya daɗe yana cin sa. Ta juyo ta kalle ni.

"Daa, kin sani?" ta ce, da kiran girmamawar da ake yi wa babbar mace.

"Na sani."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tambayi likitan ko da an kawo shi mako biyu da suka wuce da ya tashi, ya ce wannan sai Allah. Har yau amsar nan ba ta ishe ni ba.

A bakin ɗakin ajiye gawa ta riƙe hannuna. "Daa, tunda kin iya rufe baki, ki ƙara rufe shi kwana biyu. Babban wan Baba na ƙauye bai ji ba. Sai ranar Lahadi bayan coci dattawa su je da goro, su zaunar da shi su gaya masa baki da baki. In ya tsinta a waya ko a bakin 'yan titi, kin san su, za su ce mun binne ɗan'uwansu a bayan idonsu, ba mai taka wurin jana'izar. Kada kowa ya ji, kada a yi kuka a gidan nan. Balle tsofaffin nan biyu, Dee Ogbonnaya in ya ji abu duk Aba ta ji."

Ranar Asabar na buɗe shago kamar kullum, don rufe shi ma sanarwa ce. Ƙarfe ɗaya sai ga su a keke. Ogbonnaya ya matse tumbinsa a wata riga mai furanni da ƙatuwar kwala, Hedimasta ya sa kwat da takalmi mai tudu yana tafiya kamar mai tsallake kwata. Ogbonnaya ya buga tagar da tafin hannu.

"Akobundu, fito mu ga jan wandon."

Labule a sauke, ba motsi.

"Har yanzu fushin ne?" Hedimasta ya tambaye ni.

Gaba kura, baya sigaki. Na sa kaina a kan ɗinki na ce, "Ku wuce kawai, Dee. Kada ku makara."

"Tsoho da halin amarya," in ji Ogbonnaya. Ya kara baki a tagar. "Za mu riƙe maka kujera. In ka gama shan ƙamshin ka taho."

Suka tafi. Na ɗinka hannun riga a baibai sau biyu a yinin nan, na farke.

Wajen biyar da rabi suka dawo, rana ta yi sanyi, titi duk caɓi saboda ruwan da aka yi. Ogbonnaya muryarsa ta dishe, rigar ta jiƙe sharkaf, maɓalli ɗaya ya tafi. Suka zube a kan benci a ƙarƙashin tagar.

"Ka yi asara, mai taurin kai," in ji Ogbonnaya yana kallon sama. "Benji a kujera ya yi kiɗan, gwiwa ta ƙi, amma yatsun nan suna nan. Ɗan marigayi Kalu ne a kan ganga, ubansa sak. Na yi faɗa da mutum uku a kan kujerarka. Ka tambayi Ikoku, yau har shi ya taka."

Hedimasta bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge, ya juya ya fuskanci labulen.

"Akobundu, saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Kafin waƙa ta uku Benji ya sa aka hau da wata tsohuwa daga ƙauyensu, da ƙararrawar ƙarfe a hannunta. Ta buga, ya bi ta da jita. Shi ne hawan, ba ragi ba ƙari." Ya yi gyaran murya. "Ka fi ni gaskiya. Shekara hamsin ina kuskure. To, buɗe tagar ka yi mini dariyar ka huta."

Suka jira. Wani mai keke ya wuce ya watsa ruwa.

"Kai, wannan ya wuce fushi," in ji Ogbonnaya. "Ikoku ya ce ya yi kuskure ka ƙi leƙowa?"

Hedimasta ya juyo a hankali. "Ulumma, ya ci abinci yau?"

Na kawar da ido. Ƙafata na kan keke amma ta ƙi takawa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa yara a layin safe, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"An je ƙauye?" ya tambaya, ƙasa-ƙasa.

"Sai gobe."

"To. Ba ki faɗa mana komai ba, mu ma ba mu ji komai ba."

Ogbonnaya ya kalle shi, ya kalle ni. Ƙirjinsa ya ɗaga zai saki murya. Hedimasta ya damƙe gwiwarsa da ƙarfi.

"Ba yau ba, Ogbonnaya. Mutane na wucewa. Wansa bai ji ba."

Tsohon direban ya cusa kwalar rigarsa a baki ya cije. Na fito na zauna a ƙarshen bencin, abin da ban taɓa yi ba duk tsawon majalisarsu. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, na ce ta dawo Litinin, ta gaishe da tsofaffin ta ce sun yi kyau, suka amsa.

Da ta tafi, Hedimasta ya mayar da tabaransa, ya jingina ƙeya da bango daidai ƙarƙashin tagar.

"A waƙa ta huɗu," ya ce, ba da ƙarfi ba, "wayar jitar ta tsinke. Benji bai tsaya ba."

Ya ci gaba da ba da labarin, waƙa bayan waƙa, hannunsa na kan gwiwar Ogbonnaya, har masu shaguna na tsallaken titi suka fara shigar da kayansu.