Ranar da Malam Ɗigo Ya Koma Aji

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Ɗigo, don ba ya fita aji bai ce "ku kula da ɗigo" ba. Shekara da shekaru yana koyar da lissafi, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da ya samu ya miƙe, baki ya dawo, hannun dama ya ƙi. Ya kafe sai ya koma aiki.

Matarsa ta ce, "Malam, ka bari ka ƙara jin ƙarfi mana."

"Zaman nan ne zai ƙarasa ni," in ji shi.

Shugaban makarantar tsohon ɗalibinsa ne, ya kasa ce masa a'a. Ya ce a gwada darasi ɗaya, shi zai zauna a baya.

Malam ya ɗauki alli da hagu. Rubutun ya fito kamar tonon kaza, amma ba wanda ya yi dariya. Ya rubuta: daga rana zuwa duniya mita 1.5 × 10¹¹ ne, haske kuma yana cin mita 3 × 10⁸ a daƙiƙa. Daƙiƙa nawa zai yi kafin ya iso mana?

"Kada tsawon lamba ya ba ku tsoro," ya ce, muryarsa ta dā ta ɗan dawo. "Mun naɗe sifilan a kan goma. Ku raba na gaba da na gaba. Su kuma ƙananan nan na saman goma, sai a..."

Maganar ta tsaya. Ya san akwai abin da ake yi wa sha ɗaya da takwas, ya koyar da shi sau ba adadi, amma ya laluba ya ji wayam. Tarawa ake yi? Ninkawa? Ya rubuta 19, ya goge da gefen hannu. Ya sake rubuta 19. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Wata yarinya a layin gaba ta ce a hankali, "Malam, debewa ake yi. Saura uku. Amsar daƙiƙa ɗari biyar ce."

Ya juyo ya dube ta. Yana so ya ce madalla, ko ya ce a'a. Abin da ya karya masa zuciya shi ne bai san ko ta yi daidai ba.

Shugaba ya miƙe ya ce a tafa mata. A ofis ya yi ta kame-kame, wai ana neman mai kula da ɗakin karatu, aikin ba wahala. Malam ya ce zai yi shawara.

A gida ya zauna bakin gado, ko takalmi bai cire ba.

"Yaya aji?" in ji matarsa.

"Yaran suna da ƙoƙari." Ya nuna kantar littattafansa da haɓa. "Ki kwashe su ki ba 'ya'yan maƙwabta."

Ta ce a bari zuwa gobe. Ta durƙusa ta fara kwance masa igiyar takalmi.