Allurar Mai Kemis

Duk mako Mai Kemis yakan zo gidan Magajiya da hantsi, ya yi wa matan gidan abin da yake kira allurar wanke jiki. Ƙanen Magajiya ne. Ita ta kawo tsarin bayan ta hana su amfani da kwaroron roba, wai manyan baƙinta ba sa so.

Doguwa ta daɗe a karuwanci, ta ga ƙazanta iri-iri, amma ba ta taɓa lura da hannun mutumin nan ba sai ranar. Suna layi a tsakar gida, 'Yar Fara na gabanta, wadda ta kwana biyu tana rama, ga ƙuraje sun feso mata har wuya. Ya caka mata allura, ya zare, ya tsoma a wani gwangwanin madara mai ruwa jaja-jaja, mataccen ƙuda na yawo a ciki. Ya goge tsinin a wandonsa.

"Matso, Doguwa. Ɗaga zane."

Doguwa ta ja da baya. "Da wannan za ka yi min?"

"To da wacce? Ai na wanke."

"Allah ya sawwaƙe. Ko akuya ba a yi wa haka."

Magajiya ta leƙo tana sakace. "Yau kika san tsafta? Wadda ba ta so, ga ƙofa."

Matan suka kwashe da dariya, wata ma ta ture ta ta shige gaba. Doguwa ta durƙusa bakin kwata ta yi ta kwara amai. Da ta kuskure baki, sai ta ja hannun 'Yar Fara zuwa asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jininsu ba tare da ta yatsine fuska ba. 'Yar Fara na ɗauke da cutar ƙanjamau. Doguwa ciwon sanyi ne, aka ce ta dawo a sake gwaji. Duka aka ba su magani.

Doguwa ta roƙi matan gidan su je su ma. Biyu kawai suka amsa. Magajiya kuwa da ta ji sakamakon gwajin, sai ta watso kayan 'Yar Fara waje, wai kada ta ɓata mata suna.

Doguwa ta tofar da yawu a gaban Magajiya, ta ɗaure kayan su biyu a zane ɗaya.

"Yaya, ina za mu?" in ji 'Yar Fara.

"Ɗakin yayata. Tana da faɗa, amma ba za ta kore mu ba. Riƙe maganinki da kyau."