Tattabarun da Auta Ya Kai wa Lasifika

A layin nan babu mai tuna sunan mai waldan da ke kusa da famfo. Lasifika kowa ke ce masa, har matarsa. Shekarun da ya yi yana yankan ƙarfe sun cinye masa rabin ji, shi ya sa yake magana kamar kowa na tsallaken kogi. An taɓa raɗa masa cewa Mai Aski zai sayar da babur ɗinsa. Kafin ya gama rantsuwar ba zai faɗa wa kowa ba, masu saye sun fara sallama.

Duk da haka shi ne mataimakin shugaban kwamitin layi, masu kula da fitilun titi da murfin kwata da yaran da ke gudun wuce sa'a da babur. Wata Asabar shugaba ya gayyato wata nas daga asibitin unguwa. Aka jera bencina a gaban shagon walda, kowa na zaton maganar sauro za a yi. Sai ta ce ta zo ne a kan matasan da duniya ke yi wa zafi har su fara tunanin kashe kansu.

Mai Aski ya ce, "Allah ya kiyaye. Sista, ai irin wannan ba a faɗarsa, kada a tuna wa yaro abin da bai sani ba."

"Tambaya ba ta shuka wa mutum wannan tunanin," in ji ta. "Wanda yake ɗauke da shi kuwa, sauƙi yake ji idan an tambaye shi kai tsaye."

Ta faɗi abubuwan lura: yaro ya janye daga abokai, barci ya rikice, ya daina abin da yake so, ko ya fara rabar da kayan da a da ko taɓawa ba ya bari a yi. Sannan ta ce su tashi bibbiyu su gwada. Lasifika ya faɗo hannun Mai Aski. Lasifika ya gyara tsayuwa, ya dafa kafaɗar Mai Aski cikin tausayi, ya ce da muryar nan tasa, "Kana tunanin kashe kanka?"

Wata mata da ke ɗibar ruwa a famfo ta saki bokiti. Matar Mai Aski ta leƙo ta taga da ludayi a hannu.

"Ko da ina tunanin," in ji Mai Aski, "ai yanzu sai dai in yi da izinin gari."

Nas ɗin ta yi dariya har da share ido. Ta ce tambayar ta yi daidai, muryar ce ke bukatar gyara. "Kuma bayan ka tambaya, sai ka yi shiru ka saurara. Ba wa'azi, ba faɗa."

"To nan kam an cire Lasifika," wani ya ce daga baya, aka watse ana dariya.

Bayan 'yan makonni, da rana, Lasifika na shafa wa wata sabuwar ƙofa fenti sai ga Auta da keji a hannu. Auta ɗan Tela ne, matar da ke ɗinki a gida mai kallon shagon, yaro ɗan sakandare mai dogon wuya da ƙarancin magana. Duk layin an san shi da tattabarunsa. Kowace da sunanta, kuma ya taɓa yin wata guda ba ya gaida Mai Aski don ya ce masa za su yi daɗi a tukunya.

"Kawu, na kawo maka su. Ka riƙe."

"Aro?"

"Kyauta. Kai ne ba ka mantuwar ba karenka ruwa. Wannan farar ba ta son a kama ta ta fuka-fuki."

Lasifika ya ji kansa ya yi girma. Ya sanar da layi cewa a cikin manya duka shi aka ga ya cancanta. Ya rataye kejin a saman ƙofar da ya gama wa fenti, ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya tarar tattabarun sun yi wa ƙofar ado irin nasu, fari-fari daga sama har ƙasa. Ya buɗe kejin don ya canja musu wuri, suka fice ta saman kansa, suka tsallaka titi suka faɗa bayan gidan Tela.

Ya ɗauki kejin ya bi su yana mita. A bakin shagon aski ya ci karo da ɗan Mai Aski yana taku ɗaiɗai cikin takalman ƙwallo ja, sun yi masa yawa.

"Kai, ina ka samo waɗannan?"

"Auta ya ba ni. Ya ba ƙanena ma abin jin waƙarsa."

Lasifika ya tsaya da keji a hannu. Takalman nan, Auta a jaka yake kai su fili, sai ya isa yake sawa don kada ƙasar hanya ta ɓata su. Maganar nas ɗin ta dawo masa tiryan-tiryan. Ya waiga ko zai ga wani mai laushin murya da zai tura, amma Mai Aski na tsakiyar kan wani, shugaba kuma ya tafi aiki. Ba kowa sai shi.

Ya sami Tela a ɗakin gaba tana taka keke, da allurai a gefen baki.

"Yana bayan gida," ta ce. "Kwanan nan ba ya fita, ba ya ci sosai. Girma ne ya zo masa, haka yayansa ya yi."

A bayan gida Auta na zaune a kan tubali. Ya riga ya ɓalle katakon ɗakin tattabarun ya jingine su a bango, su kuwa sun jeru a kan igiyar shanya suna kallon inda gidansu yake a da.

"Kayanka sun gudo," in ji Lasifika.

"Sai ka rufe su kwana biyu, Kawu. Za su saba."

Lasifika ya kifa bokiti ya zauna, gwiwoyinsa na ƙara. Ƙarar keken ɗinki na fitowa daga ciki, ya gode wa Allah da ita. Ya tattaro muryarsa ya matse ta iya ƙarfinsa, har ta dawo daidai ta mutum mai magana da maƙwabcinsa a mota.

"Auta, na ga takalmanka a ƙafar wani. Na ga ka rushe wannan. Zan tambaye ka abu, kuma ba faɗa zan yi ba. Kana tunanin kashe kanka?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Leɓɓansa suka motsa.

"Ban ji ba, ɗana."

Ya sake faɗa.

"Wallahi ban ji ba. Wannan kunnen ado ne. Zagayo ta nan."

Auta ya dube shi kamar zai yi kuka, kamar zai yi dariya. Ya jawo tubalinsa ya koma ɓangaren kunne mai aiki, ya ɗaga murya. "Na ce eh. Wani lokaci. Kwanan nan kullum."

Nasihohi suka taso wa Lasifika har wuya: labarin wahalar da ya sha yana yaro, da haƙuri, da abin da uwa za ta ji. Ya zaro fensirin awo daga bayan kunne ya sa a baki ya cije.

Auta ya yi magana a hankali, yana tsayawa, yana maimaitawa idan ya ga goshin kawun ya tattare. A gasar muhawara ta makaranta magana ta ɗauke masa a gaban kowa, ya tsaya yana rawar baki har hawaye suka zo. Wani ya ɗauka a waya, aka sa wa abin kiɗa, yanzu ko 'yan wata makarantar sun san fuskarsa. Amma ya ce nauyin ya riga bidiyon zuwa. Tun da yayansa ya tafi aiki wani gari yake jin kamar an sa masa dutse a ƙirji, kuma bai san sunan abin ba balle ya faɗa.

Da ya yi shiru, Lasifika ya ciro fensirin, duk ya tattaune shi.

"Na ji. Abin da nauyi, kuma ka daɗe kana ɗauka kai kaɗai. Na ji daɗi da ka gaya min."

"Kada ka faɗa wa Umma."

"Ka duba duk layin nan, ka zaɓi Lasifika ka ba shi sirri?"

Dariya ta kuɓuce wa yaron, da majina da komai.

"Layi ba zai ji daga bakina ba, wannan na yi maka alkawari. Amma Ummanka da nas ɗin asibiti, su dole su sani, don ni ƙarfe na iya gyarawa. Tare za mu shiga. In ka kasa, ni zan fara."

Bai bar shi shi kaɗai ba. Suka zauna har Auta ya ce to, sannan suka shiga. Tela ta tsayar da keke, ta ciro allurai daga baki ɗaya bayan ɗaya tana saurare. Ta buɗe baki da "Me na rage ka da shi," sai Lasifika ya miƙa mata fensirin. Ta dubi abin da ya zama, ta ture hannunsa, ta jawo ɗanta ta rungume.

A yammacin suka je asibiti su uku. Nas ɗin ta shiga da Auta ciki, ta haɗa shi da likitan da ke duba irin wannan damuwa, aka sa masa ranakun dawowa. Ta ce wa Tela ta killace magungunan gida da duk abin da zai iya cutarwa. Washegari Lasifika ya kai wa Tela akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiye su, mai nauyin da sai da suka kama shi su biyu.

Layi kuwa ya shiga damuwa, amma a kan Lasifika. An ga ya je asibiti ya dawo bai ba da labari ba. Mai Aski ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce yana so ya tambaye shi wani abu kai tsaye.

"Lafiyata ƙalau. Ka je ka ce wa ɗanka ya mayar da takalman mutane, sun yi masa yawa."

Mai Aski ya dube shi, ya dubi gidan Tela, ya gyaɗa kai ya koma shagonsa. Da yamma takalman suka koma, tare da saƙon cewa ana neman mai tsaron raga ranar Lahadi.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Akwai ranakun da Auta zai tsallako ya zauna a bencin shago ya ce, "Kawu, yau ba daɗi," Lasifika ya kashe injin ya juyo masa da kunne mai aiki. Yayansa ya fara kira kullum. Tela ta je makaranta a kan bidiyon, ta dawo tana cewa shugabar makarantar ma ta ji muryarta.

Da kwamiti ya sake zama, nas ɗin ta ba da shawara a riƙa gayyatar matasan layin. Suka zo suka cika benci na baya. Shugaba ya tambaye su abin da suke so manya su gyara. Aka yi ta kallon juna, sai Auta ya ɗaga hannu. Muryarsa ta ɗan yi rawa, amma ta fita.

"Duk wanda muka kawo wa damuwa ya ce mana 'mu a zamaninmu', ya share kwatar layi."

Aka amince da dariya. Shugaba ya miƙe don rufe taro, ya gyara hula, ya ce shawarar ta yi kyau ƙwarai, domin su a zamaninsu ba a ba yara irin wannan dama. Ɗan Mai Aski ya tashi ya shiga shagon ubansa ya fito da tsintsiya.