Gwangwanin Gudiya

Ranar da aka sallami Malam Mamuda daga asibiti a Jega, ƙaninsa Bala ne ya zo tagar ɗakin magani da takardar likita a hannu. Mamuda manomin albasa ne daga Danwarai. Jiri ya kwashe shi yana tsakiyar ban ruwa, aka auna aka ga jininsa ya sauka ƙasa ƙwarai, abin mamaki ga mai hawan jini. Kwana huɗu ya yi a gado.

Fadila, mai ba da magani, ta haɗa ƙwayoyin ta ɗora a gabanta, amma ba ta miƙa ba. Shekara tara tana bayan tagar nan, ta san halin mutanenmu sarai. Namiji ne ke zuwa karɓar magani, ya yi ta gyaɗa kai yana “to, to”, kafin a isa Aliero bayanin ya bi iska. Mai ba da maganin a gida kuwa tana can waje tana gadin kwanuka.

“Baba, wa ke ba shi magani a gida?”

“Matatai, Gudiya. Ki gaya min, ni gaya mata. Mota na jiranmu.”

“Motar ta ɗan ƙara haƙuri.”

Bala bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Fadila ta ja tagar, ta fita da ledar maganin. Ta tarar da tsohuwar, Gudiya, a inuwar dogon yaro tana naɗe tabarma. Suka gaisa, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce, “Inna, akwai wani magani da yake sha kafin ya kwanta?”

Gudiya ta kwance bakin zane ta fito da gwangwanin madara, da alfahari a fuskarta. A ciki akwai fararen ƙwayoyi da masu ruwan ɗorawa, kowanne a takardarsa, an ɗaure su da zare.

“Hwarin na hawan jini na, na likita. Wanga kuwa ɗanmu Rilwanu yas sawo mai daga kemis, don ƙarhin jiki. Kullum da sahe nika ba shi duka biyu.”

Fadila ta juya takardun ta karanta bayansu. Magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ninki biyu Mamuda yake sha kullum, kuma da Bala ya wuce da ledar nan, gobe da safe uku za a haɗa masa.

Ga Bala tsaye a kansu yana duban agogo. Fadila ta san in ya ji, maganar za ta riga su isa Danwarai, kuma a kan tsohuwar nan za ta sauka. Sai ta roƙe shi ya je ya taimaka a fito da mara lafiya. Da ya ba da baya ta zauna a gefen tabarmar, ta jera takardun biyu, ta nuna wa Gudiya da yatsa yadda rubutun ya zo iri ɗaya. Ta yi bayani a hankali: sabon maganin ƙwaya ɗaya da safe, tsofaffin kuwa an gama da su.

Gudiya ba ta karatun boko, amma ba ta da duhun kai. Ta daɗe tana kallon takardun.

“Ashe ni nik kada shi gona.”

“Ba wanda ya taɓa zama ya gaya miki, Inna. Laifin ba naki ba ne.”

“Wata biyu,” in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. “Ko rana guda ban tsallake ba.”

Tausayinta ya kama Fadila. Ta sa ta maimaita yadda za ta ba da sabon, ta maimaita daidai har sau biyu. Daga nan tsohuwar ta juye duk abin da ke cikin gwangwanin a tafin hannun Fadila, ta rufe mata yatsu a kai.

“Riƙe su nan, ɗiyata. In na kai su gida, ran da nig ga jikinai ya yi sanyi, ban yarda da hannuna ba.”