Fuskar Safiyatu a Wayoyin Mutane

"Zaharaddini ne, ɗan gidan Nababa mai sayar da waya. Ga shi nan zaune. Shi ya ɗora wa 'yata wuƙa a wuya."

Haka Inna Furera ta faɗa a ƙofar gidan Mai Gari, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Jikarta Ramlat tana maƙale da gefen zaninta. Mazan da ke kan tabarma a zaure suka juyo.

"A hankali, Furera," in ji Mai Gari.

"Ranka ya daɗe, a hankalin ne ya kai ni nan."

Ramlat 'yar fari ce a wurin Safiyatu, 'yar Furera, kuma tun yaye take hannun kakarta. Safiyatu tana aure a wajen Makoda, sai jefi-jefi take leƙowa. Ranar kasuwar Tsanyawa ta zo ganin gida, ta tarar yarinyar tana ciwon kunne, ƙafar Furera kuma ta kumbura. Furera da bakinta ta ce ta kai ta kemis. Yarinya ba ta saba da uwarta ba. Suna shiga kasuwa ta kwanta a ƙasa tana birgima, tana ihun a mayar da ita wurin Inna.

Daidai teburin Zaharaddini abin ya faru. Shi a birni ya tashi, bara ya dawo da kwalin wayoyi da inji na caji. Ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Safiyatu ta sunkuyar da kai. "Ta Inna ce."

"Yaya sunanta?"

Yaya za ta kama sunan 'yar fari a bainar maza? Ta ja mayafi, ta suri yarinyar, ta ɗaga ƙafa. A cikin hoton kuwa sai ya fito tamkar gudu. Kafin la'asar ya tura wa jama'a, da muryarsa a kai: a kula, ga ɓarauniyar yara.

Furera ba ta da waya, ba ta ma san inda ake latsawa ba. Maƙwabciyarta Jemima ce ta shigo ta nuna mata. Ga fuskar Safiyatu ɓaro-ɓaro, har tsagar da ke kuncinta. Jiya kuma wasu samari suka tsaya da babur a bakin famfo, da gora a hannu, suna nuna wa mata waya suna tambayar ko an san wannan. Jemima ta ce ba ta taɓa ganinta ba. Tun daga lokacin Safiyatu take ɗakin hatsi, a bayan buhunan dawa, ko ruwa sai an miƙa mata. Mijinta na jira a Makoda, amma wace mota za ta shiga? Duk babur ɗin da ya rage gudu a bayan danga, sai Furera ta leƙa.

"Inna, wallahi taimako na yi niyya," in ji Zaharaddini, yana murza wayar a tafin hannu. "Da kanta ta ce ba 'yarta ba ce."

"Kai, uwarka ta taɓa kiran sunan yayanku a gabanka? Je ka tambaye ta! Kunya ce ta zama sata?"

Wani dattijo ya girgiza kai. "Yaran birni ke nan."

"Ai na goge," in ji Zaharaddini. "Tun jiya na goge."

"Ka goge a taka. Ta masu gora fa? Ka goge a tasu?"

Mai Gari ya gyara zama, ya ce abin mai sauƙi ne, a je a zo da Safiyatu ta faɗa a gaban jama'a cewa 'yarta ce, a ɗauka a tura.

"In fito da ita ta ratsa gari? Ranka ya daɗe, wa zai raka ta? Kai?"

Mai Gari ya zaro tasa wayar, wai zai kira 'yan sintiri. Yatsa ya zame masa. Sai ga kukan Ramlat ya cika zauren, Inna, Inna, ga kuma muryar Zaharaddini a kai. Yarinyar ta ji kukan kanta, ta ƙanƙame ƙafar kakarta.

Furera ta dubi Mai Gari. "Kai ma tana wurinka?"

"Turo mini aka yi."

"Ka tura wa wasu?"

Mai Gari ya kalli tabarma. "Dagatai 'yan'uwana kawai. Don a kula."

Dagatai. Ke nan har Makoda, har garin da Furera take zaton in an kai Safiyatu can ta tsira. A can bakin hanya wani babur ya rage gudu, kowa a zauren ya juya. Ya wuce.

Furera ta ɗaga Ramlat ta dire ta a tsakiyar tabarma.

"To ga yarinyar da aka sace. Kai, ɗaga wayar. Fuskarka za ka fara ɗauka, ka faɗi sunanka da na ubanka, ka ce ƙarya ka yi. Ranka ya daɗe, kai ma ka shiga, da rawaninka, ka tura wa duk wanda ka tura wa. In kun gama ku taso ku biyu ku zauna a ƙofar gidana, masu gora su tarar da ku. Amma kafin in ɗaga daga nan, ku faɗa mini a gaban mutanen nan: in aka taɓa mini Safiyatu, a cikinku wa zai amsa?"